Lucozade: Daga Gadon Asibiti Zuwa Filin Wasa

A shekarar 1927 ne wani mai haɗa magunguna a birnin Niyukasil na Ingila ya fara sarrafa abin shan da ya zama Lucozade, domin majinyata. A 1983 kamfanin Beecham ya karkata akalar tallarsa zuwa ga 'yan wasa, cinikinsa ya bunƙasa. A 2013 kamfanin Suntory na Japan ya saye shi haɗe da Ribena a kan fam miliyan 1,350.

To, me ɗan wasa yake saye da kuɗinsa? Mai gudu ko ƙwallo yana zubar da ruwa da gishiri ta gumi, yana kuma ƙone sukarin da tsokarsa ta adana. Idan wasan ya zarce awa guda, musamman cikin zafi, abin sha mai ɗan sukari da gishiri yana jinkirta gajiya. Irin wannan buƙata ce aka nufa da Lucozade Sport, wanda ya shigo kasuwa a 1990.

Amma wanda atisayensa bai kai awa ba, ruwa zalla ya ishe shi. Mayar da ƙarfin da ya ɓata kuwa aikin tuwo ne, da wake, da ƙwai.