Farautar tsofaffin faya-fayai a Faris da Liyon: wa zai adana muryoyin makaɗanmu?

Ranakun Asabar, Lahadi da Litinin ne kasuwar gwanjo ta Saint-Ouen, a bakin arewacin birnin Faris, ke ci. A cikin masu zuwa akwai wasu mutane da ba su kallon kujeru ko agogo, sai akwatunan tsofaffin faya-fayan garmaho. Za ka gan su tsugune, suna ɗaga kwali ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a cikin shinkafa. Faya-fayan Afirka na cikin abin da suka fi nema, kuma jefi-jefi a cikin tarin nan akan ci karo da kiɗan ƙasar Hausa. Abin lura shi ne, ba kasafai ake ganin Bahaushe a cikin masu wannan farauta ba.

Yadda kiɗan Nijar ya zo Faris

A shekarar 1955 Faransa ta kafa hukumar SORAFOM domin kula da gidajen rediyon ƙasashen da take mulka, ƙarƙashin jagorancin Pierre Schaeffer. A 1962 hukumar ta koma OCORA, kuma da wannan suna ne aka san kamfanin faya-fayan da Charles Duvelle ya daɗe yana jagoranta, wanda yau yake hannun Radio France. Ma'aikatansa sun riƙa shiga birane da ƙauyuka da na'urar naɗar sauti suna ɗaukar makaɗa a inda suke.

Daga cikinsu akwai Tolia Nikiprowetzky, wanda ya yi aiki a Nijar a farkon shekarun 1960. Aikinsa ya haifar da faifan “Niger: La musique des griots” mai lamba OCR 20, na kiɗan maroƙa, da kuma “Nomades du Niger” mai lamba OCR 29, na Buzaye da Fulanin Bororo. Waɗannan lambobi su ne masu tara faya-fayai ke haddacewa, domin da yawansu burinsu shi ne su haɗa jerin Ocora kaf, daga na farko har na ƙarshe.

A ɓangaren Najeriya kuwa, Ba'amurke David Ames ya naɗi kiɗan Hausa a yankin Zariya a shekarun 1960, aka fitar da faifai biyu a jerin UNESCO na kamfanin Bärenreiter-Musicaphon da ke Jamus. Su ma sukan ɓullo a shagunan Turai, tare da ƴan takardun bayani da hotuna da ke cikin kwalinsu.

Abin da ke sa faifai tsada

Wanda bai sani ba zai ce faifai faifai ne. Masu abin kuwa sun san bambanci. Na farko, bugu. Bugun fari ya fi na baya daraja, kuma ana gane shi ta tambarin tsakiya da ƴan lambobin da aka zana a filin da babu sauti, dab da tambarin. Na biyu, lafiyar faifan. Akwai ma'aunin da ƴan kasuwa ke bi a ko'ina, har a shafin Discogs inda ake cinikin: NM na nufin kusan sabo fil, VG+ na nufin an ɗan ji jiki amma sauti garau, daga nan sai a yi ta gangarowa. Na uku, kwali da takardun ciki. Faifan Ocora da ya rasa littafinsa ya rasa rabin darajarsa, domin a nan ake samun garin da aka yi naɗin da sunan kayan kiɗan.

Sai kuma nau'i. Akwai mai juyi 78 a minti, tsohon yayi, mai nauyi, wanda ke fashewa kamar tangaran in ya faɗi. Akwai ƙarami mai juyi 45, da babba mai juyi 33. Faya-fayan da aka buga a Najeriya, irin na Alhaji Mamman Shata da kamfanin EMI ya fitar ko na Ɗan Maraya Jos, sun sha ƙura da zafi da allurar da ta dakushe. Shi ya sa samun mai lafiya ke da wuya, kuma in an samu, mai shago ya san abin da ke hannunsa. A Faris, shagon Superfly Records ya yi suna wajen irin waɗannan kaya na Afirka. A Liyon kuma akwai Sofa Records a titin rue d'Algérie, ga kasuwar gwanjo ta Puces du Canal a Villeurbanne, wadda ta fi cika ranar Lahadi da safe.

Darasin Liyon

Liyon na da wani labari da ya kamata ya tsaya mana a rai. Daga shekarun 1970 zuwa 1990, ƴan ci-rani daga Aljeriya da maƙwabtanta sun kafa ƙananan kamfanonin kaset a unguwar Guillotière, kusa da dandalin da ake kira Place du Pont. Mawaƙan ma'aikata ne, da rana suna masana'anta, da dare suna waƙa a gidajen shayi da wuraren biki. Ba wanda ya ɗauki kaset ɗin nan a bakin komai.

Daga baya cibiyar CMTRA mai binciken kiɗan gargajiya a yankin ta bi gida-gida da shago-shago ta tattara su, ta nemo mawaƙan da ke raye ta ji tarihinsu. A 2014 kamfanin Frémeaux ya fitar da tarin waƙoƙin. A 2020 Sofa Records da Bongo Joe na Janeba suka fitar da “Maghreb K7 Club” daga irin waɗannan kaset. Abin da jiya ake zubarwa a shara, yau jikoki na saya da kuɗinsu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mu ma muna da misali a gida. Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na ogan a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978. Mutanen Nijar sun daɗe suna jin sautin a rediyo da talabijin, amma kaset ɗin ya kusa ɓata, sai da Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da shi, ya sake fitar da shi a 2013. A Gini kuma, Graeme Counsel, ɗan ƙasar Ostareliya, ya ceto waƙoƙi sama da 9,000 daga taskar gidan rediyon ƙasar da ta kamfanin Syliphone, gidan su Bembeya Jazz, da tallafin ɗakin karatu na British Library.

A yaba musu, sun yi aiki. To amma ka duba sunayen: kusan kullum baƙo ne ke zuwa ya gane darajar abin da ke ƙarƙashin gadonmu.

Abin da baƙo ba zai iya ba

Mai tara faifai na iya sanin lambar bugu da shekarar fitowa, amma bai san wa ake yi wa kirari ba, bai san zambon da aka sakaya ba, ba lallai ya bambance kotso da taushi ba. A wasu tsofaffin naɗe-naɗe, abin da aka rubuta bai wuce sunan ƙabila da na gari ba. Dattijon da ya tashi a Damagaram ko Maraɗi na iya jin minti ɗaya ya ce wannan makaɗin fadar wane ne. Irin waɗannan dattawa kuwa raguwa suke yi. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015, kuma waɗanda suka yi zamani da su suna bin sahu.

Ƙofofin a buɗe suke. Babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa, BnF, ya gaji taskar muryoyi da Ferdinand Brunot ya kafa a 1911 da kuma Phonothèque nationale ta 1938, kuma doka ta wajabta a ajiye masa kwafin duk faifan da aka fitar a ƙasar. Cibiyar CREM da ke Nanterre, wadda ke riƙe da naɗe-naɗen gidan tarihi na Musée de l'Homme, ta sa kundinta a intanet, ana iya bincika shi da sunan ƙasa ko na al'umma, wasu ma a saurare su kyauta. Ɗalibanmu da ke Faris ba su da nisa da su ko kaɗan.

Kafin a zubar da jakar Baba

Babbar taskar dai ba a ɗakin karatu take ba. Tana cikin jakunkunan iyayenmu da suka zo ƙasar nan da kaset ɗin Ɗanƙwairo, Ɗan Anace ko Ɗan Gurmu, da kaset ɗin biki, da na saƙon murya da ake aikowa daga gida kafin zuwan wayar salula. Ranar tashi daga gida ko rabon gado, su ake fara jefarwa.

Don Allah, kafin a jefar, a tsaya. A raba kaset da zafi, da laima, da kusa da lasifika, domin maganaɗisu na goge sauti. A jera faifai a tsaye, kada a ɗora su kan juna. Kada a sa tsohon kaset a rikodar da ba a gwada ba, ta iya cinye zaren. A juye sautin a kwamfuta a tsarin WAV, a ajiye kwafi biyu a wurare daban, a kuma riƙe na asalin. A ɗauki hoton kwalin gaba da baya. Sannan a zaunar da mai kayan a tambaye shi: wane ne mawaƙin, a ina aka saya, wace shekara, wa ake yi wa waƙar? A rubuta.

In kuma an kai ga sayarwa ko sake bugawa, a tuna cewa mawaƙan nan sun bar iyali. Mallakar kaset daban, mallakar waƙa daban. A nemi magada a yi magana da su tun kafin kuɗi ya shigo.