FASHIN BAƘI: Lampedusa, garin shaƙatawar da Afirka ta fi sani da jiragen 'yan ci-rani

A kafafen labarai na Afirka ta Yamma, da wuya a ambaci Lampedusa sai idan jirgin 'yan ci-rani ya kife, ko sansanin karɓar baƙi ya cika ya batse. A wurin ɗan Italiya kuwa, sunan na tuna masa da hutun watan Agusta, da farin rairayi, da ruwan teku mai garai-garai. Abubuwan biyu suna gudana ne a kan tsibiri ɗaya mai faɗin murabba'in kilomita 20, wanda mazaunansa ba su wuce kimanin 6,000 ba.

Yawon buɗe ido da kamun kifi su ne abincin mutanen garin. Duk wanda bai san haka ba, zai yi wuya ya fahimci dalilin da ya sa al'ummar da ta yi suna wajen ceton rayuka a teku take kuma kayar da shugabannin da duniya ke yabo a kan wannan aiki. Wuraren da baƙi ke zuwa gani su ne suka fi bayar da wannan labari.

Tsibirin Turai a bakin ƙofar Afirka

Lampedusa ita ce babba a cikin tsibiran Pelagie guda uku da ke tsakiyar Bahar Rum. Sauran su ne Linosa, wadda aman wuta ya samar, da Lampione da babu mai zama a kanta. A mulki tana ƙarƙashin yankin Sisili na Italiya, amma tazararta da gaɓar Tunisiya kilomita 113 ce, yayin da Sisili ke da nisan kilomita fiye da 200. Ko a wurin masana ƙasa, dutsen da tsibirin ke kai ɓangare ne na nahiyar Afirka. Daga birnin Palermo tafiyar kimanin awa ɗaya ce a jirgin sama, jirgin ruwa kuwa daga tashar Porto Empedocle yakan kwana a hanya.

Baƙon da ya sauka zai fara lura da ƙarancin itatuwa. A shekarar 1843 Sarki Ferdinand na Biyu na masarautar Naples da Sisili ya tura mutane su zauna a tsibirin. Cikin 'yan shekaru aka sare dazukansa domin gawayi da noma, iska da ruwan sama suka kwashe ƙasar, aka bar farin dutse a fili. Wanda ya san yadda cinikin gawayi ke cinye dazukan Arewa ba ya buƙatar dogon bayani.

Shaharar garin a wurin 'yan yawon buɗe ido ta samo asali ne daga rikici. Ranar 15 ga Afrilun 1986, bayan Amurka ta yi ruwan bama-bamai a Tirabulus da Bengazi, Libiya ta Mu'ammar Gaddafi ta harba makamai masu linzami biyu zuwa wata tashar Amurka da ke yammacin tsibirin. Dukkansu a teku suka faɗa, babu wanda ya ji rauni. Amma 'yan jarida sun yi tururuwa zuwa wurin, Italiyawa suka ga hotunan gaɓar tekun a talabijin, daga nan otal-otal da gidajen haya suka fara yawaita.

Gaɓar Zomaye da dokar ƙayyade baƙi

Wurin da ya fi jan mutane shi ne Spiaggia dei Conigli, wato Gaɓar Zomaye, a kudancin tsibirin. Mota ba ta kaiwa can. Ana ajiye ta a bakin titi, a gangara da ƙafa na kimanin minti 20 har a iso wani fili na farin rairayi da duwatsu suka kewaye. Gaba kaɗan akwai wani ɗan ƙaramin tsibiri, ruwan da ke tsakani kuwa ba shi da zurfi. A shekarar 2013 masu amfani da shafin TripAdvisor suka zaɓe ta a matsayin gaɓar teku mafi kyau a duniya. Wasu masu bincike na ganin sunan zomaye kuskuren fassara ne, domin kalmar da ke kan tsohuwar taswira ta fi kusa da kalmar Larabci mai ma'anar abin da ke haɗa abu biyu, saboda zirin rairayin da kan haɗe tsibiran biyu a wasu lokuta.

Wannan gaɓa na cikin wurare ƙalilan a Italiya da kunkurun teku, nau'in da masana ke kira Caretta caretta, ke zuwa saka ƙwai a kai a kai. Macen kan fito da dare a lokacin zafi, ta tona rami, ta zuba ƙwai kimanin 100, ta rufe ta koma ruwa. Bayan kusan wata biyu 'ya'yan ke ƙyanƙyashewa. Ƙafar mutum ɗaya ko sandar laima ɗaya ta isa ta lalata ramin gaba ɗaya.

Saboda haka ne gwamnatin Sisili ta keɓe yankin a matsayin gandun da doka ta kare, ta kuma miƙa kula da shi ga ƙungiyar kare muhalli ta Legambiente a 1996. An hana masu tasoshin haya na laima da kujeru mamaye rairayin, an hana kwana a wurin, an gyara gangaren da ruwa ke zaizayewa. A 2002 aka ƙara da ayyana ruwan da ke kewaye da tsibiran uku a matsayin yankin teku mai kariya. A 'yan shekarun nan kuma, a lokacin cunkoso, sai mutum ya yi rajista ta intanet kafin ya shiga, kuma an raba yini gida biyu, masu safe da masu yamma, kowane rukuni da adadinsa.

Ba a cim ma wannan cikin ruwan sanyi ba. Giusi Nicolini, wadda ta daɗe tana shugabantar gandun, ta sha barazana daga masu ganin an toshe musu hanyar samu. Yau wannan gaɓar da aka hana su mamayewa ita ce babbar hajar da garin ke sayarwa.

Zagayen tsibiri a cikin jirgi

Abu na biyu da baƙi ke kashe wa kuɗi shi ne zagaya tsibirin a ƙaramin jirgin ruwa. Jiragen kan tashi daga tashar garin da hantsi su dawo da la'asar, a ci abincin rana a kan ruwa. Arewacin tsibirin tsayayyun duwatsu ne da koguna, inda wuri mafi tsayi, Albero Sole, ya kai mita 133 daga saman teku. Kudanci kuwa lunguna ne da ruwa ya ratsa cikin dutse, irin su Cala Pulcino da Tabaccara. A Tabaccara ruwan yana da haske har ana ganin inuwar jirgi a ƙasan teku, sai ka ce a iska yake rataye. Hoton wannan wuri ne ya fi yawo a tallace-tallacen garin.

A nan Tabaccara ne wasu abokai takwas suka kwana a cikin jirginsu na shaƙatawa a daren 2 ga Oktoban 2013. Da asuba suka ji kururuwa, da fari suka ɗauka kukan tsuntsayen teku ne. Ashe wani jirgi ne da ya taso daga Misrata a Libiya ɗauke da mutum sama da 500, akasarinsu 'yan Eritiriya, ya kama da wuta ya kife daura da Gaɓar Zomaye. Abokan nan suka tsamo mutum 47. Jimillar waɗanda suka tsira 155 ne, waɗanda suka mutu 368. Shekarar da aka ba wa gaɓar lambar kyau ita ce shekarar da aka jera akwatunan gawa a rumfar filin jirgin saman garin.

Bayan makonni biyu Italiya ta ƙaddamar da aikin ceto na sojojin ruwa mai suna Mare Nostrum. Shekara ɗaya ya yi aka rufe shi, aka maye gurbinsa da wani shiri na Tarayyar Turai da ya fi karkata ga tsaron iyaka. Alƙaluman Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya sun nuna cewa daga 2014 zuwa yau, sama da mutum 20,000 sun mutu ko sun ɓace a wannan hanya ta tsakiyar Bahar Rum.

Ƙofa, kogo da maƙabarta

A kudu maso gabashin tsibirin, kusa da filin jirgin sama, akwai Porta d'Europa, wato Ƙofar Turai. Mai zane Mimmo Paladino ne ya ƙera ta da yumɓu da ƙarfe, tsayinta kusan mita biyar, aka buɗe ta a watan Yunin 2008 domin tunawa da waɗanda teku ta ci. Ƙofa ce da babu bango a gefenta, tana fuskantar Afirka. Masu yawon buɗe ido kan je su ɗauki hoto, 'yan uwan mamata kan je su yi addu'a.

Tarihin karɓar baƙo a tsibirin ya girmi wannan ƙofa da ƙarnoni. A wurin ibada na Madonna di Porto Salvo akwai kogon da matafiyan ƙarni na 16 da na 17 suka rubuta cewa an raba shi biyu, gefe ɗaya na Kirista, ɗaya na Musulmi. A zamanin da jiragen ɓangarorin biyu ke farautar juna a teku, matuƙa kan bar abinci da kayan aiki a kogon domin wanda jirginsa ya fashe ko bawan da ya gudo. A maƙabartar garin da ke Cala Pisana kuwa, akwai kaburburan 'yan ci-rani da babu suna a kansu.

Siyasar otal da sansani

Mai hutu zai iya yin mako guda a Lampedusa bai haɗu da ɗan ci-rani ko ɗaya ba. Ana sauke waɗanda aka ceto a matsayar jirage ta Favaloro da jami'an tsaro ke gadi, a ɗauke su a mota zuwa sansanin da ke cikin wani kwari a bayan gari, daga nan a wuce da su Sisili. Da dare kuma titin Via Roma ya cika da masu cin abinci da sayen tsaraba.

Tsarin yakan rushe idan baƙi suka yi yawa. A 2011, lokacin juyin juya halin Tunisiya, dubban matasa suka kwana a kan tudun da ke saman tashar jiragen ruwa, masu hutu suka soke zuwa. Firaminista Silvio Berlusconi ya zo ya yi alƙawarin kwashe su cikin kwana biyu zuwa uku, ya kuma yi wa garin alƙawarin filin wasan golf da gidan caca, waɗanda ba a gina ba. A Satumban 2023 kimanin mutum 8,500 suka iso cikin kwana uku, adadin da ya zarce na mazauna garin, a sansanin da aka gina domin kimanin mutum 400. Firaminista Giorgia Meloni da shugabar Hukumar Tarayyar Turai Ursula von der Leyen suka kai ziyarar gaggawa.

Ƙorafin mazauna garin ya wuce batun baƙi. Tsibirin ba shi da cikakken asibiti, mace mai ciki sai ta tafi Sisili ta haihu, kuma kusan komai jirgi ke kawowa. Giusi Nicolini ta zama magajiyar gari a 2012, ta karɓi Fafaroma Francis a watan Yulin 2013 a tafiyarsa ta farko wajen birnin Rum, ta kuma samu lambar zaman lafiya ta UNESCO a 2017. A wannan shekarar ta faɗi zaɓe a hannun Salvatore Martello, mai otal kuma tsohon magajin garin. Yabon duniya bai biya wa masu ƙuri'a buƙatunsu na yau da kullum ba.

Inda labarin ya taɓa mu

Yawancin 'yan Afirka ta Yamma da suka taka wannan tsibiri ta Libiya sun ratsa Agadas ne. A 2016 'yan Nijeriya ne suka fi kowa yawa a cikin waɗanda suka isa Italiya ta teku, sama da mutum 37,000. Nijar ta kafa doka a 2015 da ta haramta safarar 'yan ci-rani, aka tsananta aiki da ita bisa matsin lambar Turai, sannan gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tiani ta soke ta a Nuwamban 2023. Shawarar da ake yankewa a Yamai tana da tasiri a kan yawan jiragen da ke isa Favaloro, kamar yadda fargabar masu otal a Lampedusa ke shiga lissafin 'yan siyasar birnin Rum.

Ɗan Nijeriya ko ɗan Nijar da ke son ganin Gaɓar Zomaye a matsayin mai yawon buɗe ido sai ya nemi bizar Schengen. Kuɗinta Yuro 90 ne tun daga Yunin 2024, kuma ba a mayar wa wanda aka hana. Ƙasashen Afirka ta Yamma na cikin waɗanda aka fi ƙin amincewa da takardunsu. Bajamushe ko Bafaranshe kuwa katin shaidarsa na ɗan ƙasa ya ishe shi ya hau jirgi, ya yi rajistar rukunin safe, ya shimfiɗa tawul ɗinsa a kan rairayi.