Yadda Ake Gane Ciyayin Tudu da na Fadama a Yankin Iware

Koren da ke lulluɓe daji da damina ba iri ɗaya ba ne. A kewayen Iware, garin kasuwar shanu da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, abin da ake kira ciyawa ya rabu gida-gida, kuma a jikin kara ake fara gane kowanne.

Gida mafi girma shi ne na dangin dawa da gero da shinkafa. Karansu mulmulalle ne mai gaɓoɓi, ganye na fitowa daga kowace gaɓa, wannan dama, wancan hagu. Gamba ce babbar ciyawar tudu. A dunƙule take fitowa, takan ɗara tsayin mutum, kuma saiwarta na nutsewa ƙasa sosai, shi ya sa ko wuta ta ci daji takan sake tohowa tun ruwa bai sauka ba. Shanu na son ta tana ɗanya, idan ta ƙosa kuma sai saƙar zana. Kyasuwa damina ɗaya take yi, a saura da gefen gona, kanta ja-ja ne mai gashi. Tofa kuwa manomi ba ya murna da ganinta. Ta fi kama ƙasar da aka nome shekara da shekaru ana ƙonawa. Jijiyarta a ƙarƙashin ƙasa take tafiya, tsinin sabon tohonta na huda tafin ƙafa, kuma fartanya ba ta kashe ta, domin kowane guntun jijiya tsiro ne. Duk da haka ta yi suna wajen jinka.

Idan aka gangara fadamun Binuwai, burgu ake tararwa. Karansa na ƙara tsawo yana bin ambaliya, ya kwanta bisa ruwa. Bayan ruwa ya janye, shi ne ke riƙe garke da rani, lokacin da tudu ya bushe ƙurmus.

Gida na biyu na dangin aya ne. A murza karan tsakanin yatsu biyu: kusurwa uku za a ji, babu gaɓa ko ɗaya, ganyen kuma sahu uku ne daga gindi. Galibinsu ƙasa mai laima suke so. Aya-aya ta addabi masu lambu saboda 'yan ƙwayoyin da take binnewa, waɗanda ke tsira bayan kowane noma. Kajiji, wanda mata ke sa saiwarsa a turaren wuta, ɗan gidan nan ne, amma ya saɓa wa ƙa'ida. Karansa mulmulalle ne, ba ganye, kuma idan aka shafa busasshensa za a ji shi daki-daki kamar tsani.

Gida na uku, wanda masana ke kira Juncus, kara mulmulalle gare shi mai totuwa a ciki, ba gaɓa. Ya fi yawa a tsaunuka masu sanyi da ƙasashen Turai, ba kasafai ake cin karo da shi a kwarin Binuwai ba.

Kacala daban take da duka ukun. Ganyenta dogo ne mai faɗi, kanta kamar zangarniyar gero, kuma inda ruwa ke kwana shekara take kafuwa. A dausayin Haɗeja da Nguru ta toshe hanyoyin ruwa bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, waɗanda suka sa ruwa ya daina ƙafewa da rani, ta kuma zama makwancin tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa.