Masu Ƙidayar Itatuwan Kurmin Ngel Nyaki

A kan Tsaunin Mambila, cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, kusa da ƙauyen Yelwa, akwai wani kurmi da ake kira Ngel Nyaki. Tun 1969 hukuma ta keɓe shi gandun daji. Yana kwance a gangaren dutse, mita 1,400 zuwa 1,600 bisa teku, inda hazo kan wuni rataye a kan rassa. Ko da yake ainihin duhuwar ba ta fi murabba'in kilomita 8 ba, masana sun tabbatar tana cikin kurmin tsauni mafi yalwar tsirrai a Nijeriya.

Aikin rubuta sunayen tsirran ƙasar nan ya daɗe. A 1916 wani likita, J. M. Dalziel, ya buga littafin sunayen itatuwa da ciyayi da Hausa, daga baya kuma shi da John Hutchinson suka tattara na Afirka ta Yamma baki ɗaya, daga 1927 zuwa 1936. To, amma kurmin tsaunuka ya yi nisa da hanya, saboda haka kaɗan daga abin da ke cikinsa ya shiga takarda. Sai a shekarun 1970 wani jami'in gandun daji, J. D. Chapman, ya riƙa ratsa waɗannan duwatsu a ƙasa yana tara samfuri. An buga sakamakon aikinsa a 2001, sa'an nan a 2002 'yarsa, Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a New Zealand, ta kafa shirin binciken da ya zauna a Ngel Nyaki.

Aikin kuwa na haƙuri ne. Ganye kaɗai ba ya isa shaida. Dole a sami reshe mai fure ko 'ya'ya, alhali wata itaciyar ta kan yi tsawon mita 30, kuma ba kowace shekara take fure ba. In an samu, sai a shimfiɗa reshen tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da katako, a busar da shi da wuri kafin laima ta ruɓar da shi. Daga nan a manna shi a takarda mai kauri, a rubuta rana da wuri da sunan da mutanen yankin ke kiransa, a aika ma'ajiyar busassun tsirrai ta Ibadan ko ta Kew a Ingila, don a gwada da waɗanda aka riga aka sani.

Bugu da ƙari, an shata wani fili na hekta 20 a cikin kurmin, inda aka auna kowace itaciya da kaurinta ya kai santimita 1, aka rataya mata lamba, aka sa ta a taswira. An ƙirga fiye da 40,000, iri fiye da 100. Matasan ƙauyen da ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wannan wahala.

Mai tambayar amfanin wannan duka sai ya dubi kurmin Korup na Kamaru. A 1987 aka tsinko wata igiyar daji a can wadda kimiyya ba ta san ta ba, aka kuma iske sinadarinta yana hana ƙwayar cutar ƙanjamau yaɗuwa a ɗakin gwaji. Dafinsa ya hana a mai da shi magani, amma ya nuna irin abin da ke ɓoye.

Abin damuwa shi ne lokaci. A 2023 masanan Kew sun kimanta cewa uku cikin huɗu na tsirran da ba a raɗa wa suna ba tukuna suna fuskantar ƙarewa. A Ngel Nyaki, wutar da ake sa wa ciyawa da rani tana lasar gefen kurmin, shanu kuma suna tattake 'yan tsiron da za su gaji iyayensu. Itaciyar da ta ƙone kafin a rubuta ta, babu ma'aikatar da za ta san an yi asararta, balle ta nemi kuɗin kare ta.