Tsadar Waya A Gidajen Kurkukun Amurka

Duk akawun da ya taɓa zama wurin ba da kwangila ya san ƙa'idar abin, watau wanda ya yi alkawarin aiki mai kyau da kuɗi kaɗan shi a kan ba. To, a gidajen kurkukun Amurka, inda mutum kusan miliyan 2 su ke tsare, an daɗe ana bin akasin haka game da wayar tarho da ɗaurarru su ke magana da iyalinsu.

Ga yadda abin ya ke. Hukumar kurkuku ta kan zaɓi kamfani guda ta ba shi aikin wayar gidan duka, manyansu kuwa su ne Securus da GTL, wanda yanzu a ke kira ViaPath. A da, kamfanin ya kan yanka wa hukumar wani kaso daga kuɗin kowane kira, a wasu wurare har ya haura rabi. Saboda haka wanda ya fi alkawarin kaso mai tsoka shi ya kan samu. Mai zaɓen kamfani ba shi ke biya ba, mai biya kuwa ba a shawarce shi ba. Mai biyan nan galibi uwa ce, ko mata, ko kaka, wadda ba a kama ta da laifin kome ba. An yi lokacin da hirar minti 15 daga wata jiha zuwa wata ta kan ci dala 17.

A birnin Washington an yi wata tsohuwa makauniya, sunanta Martha Wright. Aka ɗaure jikanta, daga baya aka kai shi wata jiha mai nisa. Ba ta iya rubuta wasiƙa, tafiya ta gagare ta, sai waya kaɗai ta rage, har ta kai wani lokaci sai ta zaɓa tsakanin kuɗin magani da jin muryar yaron. A 2000 ita da waɗansu iyalai suka kai ƙara kotu. Kotu ta tura su wurin hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, suka shigar da kukansu a 2003. Shekara goma cur takardar nan tana jiran hukunci (mu da muka san ofis mun san yadda fayil ya ke kwana), sai a 2013 aka yanke cewa kira tsakanin jihohi kada ya wuce senti 21 a minti ga wanda ya biya tun da fari.

Amma yawancin kira cikin jiha guda a ke yinsa. Da hukumar ta nemi ƙayyade wannan ma, kamfanoni suka kai ta ƙara, a 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba ta da ikon haka. Tsohuwa Martha ta riga ta rasu a 2015. Sai a watan Janairu 2023 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta ba hukumar wannan iko, aka kuwa sa wa dokar sunanta.

A 2024 hukumar ta sauko da farashi zuwa senti 6 a manyan kurkuku, ta kuma hana kason nan. Ɗalibinmu na aji huɗu zai iya lissafin: minti 15 ya zama senti 90. Murna ba ta daɗe ba, gama a 2025, bayan canjin gwamnati, hukumar ta ɗage fara aiki da ƙa'idar, sa'an nan ta ƙara farashin, wai masu tsaron kurkuku sun koka da kuɗin sauraron kira da sa ido.

Lalle sa ido yana cin kuɗi, ba mu musa ba. Amma abinci da katanga da albashin ganduroba ma suna ci, kuma daga baitulmali a ke biyansu. Mu malamai mun san yaron da ubansa ya ɓace masa, mun ga yadda ya kan zauna shiru a ƙarshen aji, don haka ba ma ganin jin muryar uba a matsayin kayan alatu. Waɗansu hukumomi a can sun yarda da haka. Birnin New York ya mai da kira kyauta a 2019, jihar Connecticut ta zama ta fari cikin jihohi da dokarta ta 2021, California ta bi baya a 2023, ita da Massachusetts.