Lamba 1.267.000

Faɗin ƙasar Nijar murabba'in kilomita 1.267.000 ne. Yara, ku rubuta wannan lamba bisa allo. Alƙalumanta bakwai ne. Ana raba su uku-uku daga dama, a karanta daga hagu: miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da sittin da bakwai. A yi hankali wajen faɗi. Wanda bai ga rubutun ba yana iya ɗauka sittin da bakwan nan ƙwaya-ƙwaya ne, alhali dubbai ne.

Lambar cika ce, ba mara ba, don ta ƙare da sifiri. Tana rabuwa biyu daidai. Sifirinta uku sun nuna tana rabuwa da 10, da 100, da 1.000, har da 8. In aka raba ƙasar daidai tsakanin jihohinta takwas, kowace za ta samu 158.375. Amma ƙasa ba goro ba ce. Agadas kaɗai ta ɗauki fiye da rabi, jihar Tawa kuwa ba ta kai wannan kason ba.

To, a ce kuɗi ne. Manoman albasa na Galmi sun sayar da amfaninsu a kasuwar Birnin Ƙonni, sun samu sefa 1.267.000. A kasuwa ba a ƙidaya da tamma, sai da dala, dala kuwa tamma biyar ce. Kuɗin ya zama dala 253.400, wato jikka 1.267.

In su uku ne, rabon zai fita daidai? Ba sai an yi dogon lissafi ba. A tara alƙaluman: 1 da 2 da 6 da 7 sun ba da 16. Sha shida ba ta rabuwa da uku, saboda haka babbar ma ba ta rabuwa. Kowa zai ɗauki dala 84.466, dala biyu su yi saura a tabarma. Gara a san wannan tun kafin a kwance jaka, don kada a zargi mai rabo.

In su bakwai ne, ba gardama. Kowa jikka 181, ko dala ba ta saura.

Wannan 181 kuwa lamba ce mai taurin kai. Ku gwada ta da 2, da 3, da 5, da 7, da 11, da 13. Kowace sai ta bar saura. Babu mai raba ta sai 1 da ita kanta. Haka 2 da 5 da 7 suke, kuma da irinsu ake gina sauran lambobi, kamar tubali:

2 × 2 × 2 × 5 × 5 × 5 × 7 × 181 = 1.267.000

Aiki: manoma goma sha huɗu na Illela za su raba wannan kuɗi. Dala nawa kowa zai samu?