Ko Kun Sani? Akwai Maganin da Ke Juya wa Jiki Bayan Makonni

Akwai wani mummunan rashin jituwa da magani wanda ba ya bayyana sai an yi mako 2 zuwa 8 ana sha. Likitoci na kiran sa DRESS. Yakan fara da zazzaɓi mai zafi, sai ƙuraje su feso su mamaye jiki, fuska ta kumbura, kaluluwa ta fito a wuya da hammata. Ɓarnar da ke ciki ta fi muni: hanta ce ta fi jigata, har idanu su yi rawaya, kuma yakan taɓa ƙoda da huhu da zuciya, yana iya kisa. Magungunan da suka fi jawo shi sun haɗa da na farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin, da allopurinol, da dapsone na kuturta, da Septrin.

Jinkirin nan, a ganina, shi ne babban haɗarin. Wani zai ce ai ya yi wata guda yana sha lafiya lau, don haka ƙyanda ce ko maleriya. To, garkuwar jiki ce ke ɗaukar lokaci kafin ta tayar wa maganin, kuma duk ƙwayar da aka ƙara sha tana rura wutar. Wani kuma zai ce yanke maganin farfaɗiya kwatsam haɗari ne. Gaskiya ne, shi ya sa likita ne zai dakatar da shi ya musanya da wani. Duk wanda zazzaɓi da ƙuraje suka haɗe masa cikin wata 2 da fara sabon magani, ya kwashi kwalayen magungunansa ya nufi asibiti a ranar.